Tada moton babbar fanka a Sakkwato: dairek, sita-delta ko VFD?

Wanda ya sayi babbar fanka don wurin sana'a, ko ta fitar da buntu a injin casar shinkafa, ko ta gidan kaji, ko ta gidan burodi, ko ta rumbun ajiyar albasa, rabin aiki kawai ya yi. Sauran rabin yana cikin akwatin ƙarfen da ake kafawa a bango, inda ake ajiye abin da zai tada moton ya kuma kare shi. A nan ne mai wayarin zai tambaye ka: dairek za a yi, ko sita-delta, ko ka shirya sayen VFD? Waɗannan su ne hanyoyi uku na tada moto, kuma za mu bi su ɗaya bayan ɗaya. Mafi yawan masu wuri amsarsu ɗaya ce: "Malam, mi ya fi sauƙin kuɗi?" Tambayar tana kan hanya, kuɗi ba a tsinto su ake ba. Amma a garin nan zafi da ƙura da irin wutar da ke zuwa mana suna canza lissafi, har abin da ya fi araha ranar saye ya zama shi ne mafi tsada kafin shekara ta zagayo.

Don magana ta tsaya a kan abu guda, mu ɗauki moto mai layi uku, kilowat 7.5, wato abin da 'yan kasuwa ke kira doki 10. A kan bolt 400 yana jan kimanin ampiya 15 idan yana cikakken aiki, kuma idan mai fol huɗu ne, wato kawunan maganaɗisu huɗu a cikinsa, yana juyawa kusan sau 1,450 a minti. Irinsa ne aka fi gani a matsakaitan wuraren sana'a.

Kafin a kwatanta hanyoyin nan uku, a duba farantin da ke manne a jikin moton. Yawancin motoci an auna ƙarfinsu ne bisa cewa zafin wurin da za su zauna ba zai wuce digiri 40 ba. Mu kuwa a Afrilu da Mayu iskar waje kanta tana haura 40, balle cikin shago mai rufin kwano da rana tsaka. Ke nan moton da ke aiki a Sakkwato a bazara ya riga ya cinye rarar da masu ƙera shi suka bar masa tun kafin a kunna shi. Rufin wayar koyil, wato wayar da aka naɗa a cikin moto, mai aji F yana jure digiri 155, mai aji B kuma 130, kuma ƙa'idar da masu aikin moto suka daɗe da sani ita ce duk ƙarin digiri 10 a kan abin da aka tsara yana rage rayuwar rufin da kusan rabi. Kowace tashi da moto zai yi ƙarin zafi ce a cikin koyil. Shi ya sa yadda ake tada shi ba ƙaramar magana ba ce a nan.

Dairek shi ne a ba moton cikakkiyar wuta lokaci guda. Kayan aikinsa kaɗan ne: bireka ko fis, kontakto ɗaya (makunnin da ke haɗa moton da wuta), obalod ɗaya (abin da ke yanke wuta idan moton ya ja fiye da kima), maɓallin kunnawa da na kashewa. Babu mai wayarin ƙwarai da zai kasa haɗa shi, kuma idan kontakto ya ƙone za ka samu wani a cikin gari a ranar. Wannan ba ƙaramin alheri ba ne, kuma ina ganin mutane suna raina dairek fiye da kima don kawai tsohon yayi ne. Aibinsa a tashi yake. A daƙiƙun farko moton yana jan ninki 6 zuwa 7 na abin da yake ja a aiki, wato moton namu na ampiya 15 zai nemi 90 ko sama. A kan ƙaramar fanka mai sauƙin fiffike wannan yana wucewa kafin ka ƙifta ido. A kan babbar fanka mai nauyin dabaran ƙarfe, irin wadda ke cikin gidanta mai kamar katantanwa, tashin yana ɗaukar lokaci, kuma duk tsawon lokacin nan koyil yana shan wannan babbar wuta. Fitilun maƙwabta za su dushe, bel zai yi ƙara ya zame a kan fuli, kuma idan janareta ne ke ba da wuta za ka ji ya durƙusa. Masu aiki kan ce janareta ya kai ninki biyu da rabi zuwa uku na ƙarfin moton kafin ya tada shi dairek cikin kwanciyar hankali. Wanda janaretansa bai kai haka ba, dairek ba nasa ba ne, ko da kyauta aka ba shi akwatin.

Sita-delta dabara ce ta rage wannan fizgar. Ana fara haɗa koyil ɗin uku a tsarin sita, inda kowanne ke samun kimanin bolt 230 maimakon 400, idan fanka ta ɗauki gudu sai taima, na'urar ƙirga lokaci, ta juya su zuwa delta su samu cikakkiyar wuta. Wutar tashi tana sauka zuwa kashi ɗaya cikin uku, wato daga 90 zuwa wajen 30. Ƙarfin murɗawar moton ma yana sauka zuwa kashi ɗaya cikin uku, amma fanka ba ta damu sosai ba, domin iska ba ta yi mata nauyi sai ta yi gudu. Shi ya sa fanka na cikin injinan da sita-delta ya fi dacewa da su.

Sai dai akwai sharuɗɗa, kuma a kansu ne ake yawan ƙona moto. Na farko, dole farantin ya nuna 400/690, wato delta a kan 400. Idan abin da ke rubuce 230/400 ne, wannan moton a sita yake aikinsa na yau da kullum a kan wutarmu, kuma ranar da aka juya shi delta a kan 400 ranar zai yi hayaƙi. Ka duba da idonka kafin ka biya kuɗin moto, musamman na hannu, waɗanda farantinsu kan goge. Na biyu, a buɗe akwatin kan moton a ga ƙusoshi shida, U1, V1, W1 da U2, V2, W2, a cire ƙarafunan da suka haɗa su, a ja waya shida zuwa fanel ban da ta at, wato wayar tsaro da ke kai wuta cikin ƙasa. Wasu masu sake naɗin koyil suna fitar da waya uku kacal su haɗa sauran a ciki, irin wannan ba ya shiga sita-delta sai an sake buɗe shi. Na uku shi ne obalod. Idan an sa shi a ƙarƙashin babban kontakto, a cikin da'irar koyil, ba a saita shi a kan 15, ana ninka 15 da 0.58 ne, ya ba da kimanin 8.7. Wanda ya saita shi a 15 a wannan wurin ya bar moton ba mai tsaro, obalod yana nan a ido amma ba zai taɓa yankewa a kan lokaci ba.

Taimar ma ba a saita ta da ka. A kama waya da kilam mita, mitar da ke auna ampiya, a tada fanka, a jira har ƙararta ta daidaita kuma allurar ta sauka, a nan ne lokacin juyawa. Idan aka juya da wuri, fizgar da ake gudu za ta dawo kusan kamar ta dairek. Kuma ga wata matsala tamu ta gida: lo karan. Ƙarfin murɗawar moto yana raguwa fiye da yadda bolt ke raguwa, idan bolt ya sauka da kashi 10 cikin ɗari ƙarfin yana sauka da kusan kashi 19. Haɗa wannan da kashi ɗaya cikin ukun da sita ya bari, sai ka ga babbar fanka ta kasa kai gudunta, tana ta gurnani a sita har taima ta juya. Kontakto uku ne kuma a akwatin, kowanne da koyil ɗinsa da ke kakkarwa idan wuta ta yi ƙasa, bakinsa ya ci wuta ya manne. Duk da haka kayan gyaransa irin na dairek ne, ana samunsu, kuma mai wayarin da ya san aikinsa yana gano matsalarsa da mita da ido.

VFD wata duniya ce daban. Na'ura ce da ke karɓar wuta ta sake sarrafa ta, ta ba moton a hankali daga sifili zuwa hez 50, wato cikakken gudunsa, cikin daƙiƙun da ka zaɓa. Babu fizga. Wutar tashi ba ta wuce ta aiki da yawa, bel ba ya kuka, boris ba ya shan duka, janareta matsakaici yana ɗauka. A cikinta akwai kariya daga yawan lodi, da faɗuwar layi, da hawa ko saukar bolt, kuma tana rubuta dalilin da ya sa ta tsaya a fuskarta. Akwai ma ƙanana da ke karɓar layi ɗaya na bolt 230 su fitar da layi uku na 230, waɗanda galibi ba sa wuce kilowat 2.2, kuma suna ceton wanda layi ɗaya ne kawai ya iso shagonsa, muddin an haɗa moton 230/400 a delta.

Amma babban dalilin sayen VFD a kan fanka shi ne rage gudu, kuma nan ne nake so mai karatu ya tsaya ya yi tunani. Iskar da fanka ke turawa tana bin gudunta daidai wa daida, amma wutar da take ci tana bin gudun ninki uku a kan kansa. Idan ka sauke ta daga hez 50 zuwa 40, iska ta koma kashi 80, wuta kuwa a lissafi (0.8 × 0.8 × 0.8) ta koma kusan kashi 51. A aikace ribar kan ɗan gaza haka, musamman idan bututun yana da tsawo da lanƙwasa, amma tana nan da yawa. Ga mai gidan kaji wannan kuɗi ne a hannu. Iskar da kaji ke bukata da azahar a watan Afrilu ba ita suke bukata da asuba a watan Janairu ba, kuma 'yan tsaki ba sa son abin da manya ke so. Haka mai ajiyar albasa da ke son iska ta riƙa ratsawa a hankali dare da rana. Duk wanda fankarsa ke yin sa'o'i masu yawa ba tare da bukatar cikakken ƙarfi ba, musamman a kan dizal, VFD za ta biya kanta.

Wanda kuwa fankarsa dole ta yi cikakken gudu kullum, VFD ba za ta rage masa ko sisi a kuɗin wuta ba. Hasali ma tana cin kashi 2 zuwa 3 na abin da ke ratsa ta, ta mayar da shi zafi. Fankar buntu a injin shinkafa misali ce: ka rage mata gudu, buntu ya kwanta a bututu ya toshe shi. A irin wannan wurin abin da kawai VFD ke ba ka shi ne tashi mai laushi, kuma sita-delta yana ba da mafi yawan wannan a kuɗi kaɗan. Akwai kuma jarabar da ke zuwa da ita. Wani zai ga ana iya haura 50 sai ya kai ta 55 don ƙarin iska, bai san cewa ya ɗora wa moton ƙarin kaya na kusan kashi 33 ba. A kulle iyakar a kan 50 tun ranar kafawa.

Sai maganar zamanta a ƙasarmu, wadda masu sayarwa ba su cika yi ba. Lambar IP ita ke nuna yadda jikin na'ura ke hana ƙura da ruwa shiga. Moto mai IP55 a rufe yake, ƙura ba ta yi masa illa a ciki, ruwan da aka watsa ma bai shiga. Yawancin VFD da ke kasuwa kuwa IP20 ne, jikinsu duk tagogi, da 'yar fanka da ke zuƙo iska ta hura a kan ƙarfen sanyaya. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu abin da za ta zuƙo ƙurar hunturu ce, a injin niƙa ko na shinkafa kuma gari ne duk shekara. Idan ka rufe ta ruf a akwati don gudun ƙura, zafin da take fitarwa, wajen wat 200 a kan moton namu, zai taru ya dafa ta. Mafita ita ce akwati mai faɗi da fanka da matatar iska da ake wankewa, a ɗaki mai inuwa nesa da inda gari ke tashi, ko a sayi mai rufaffen jiki tun farko, kuma a ɗauki wadda ta fi moton da mataki ɗaya saboda zafi. Da damina akwai tsawa, ga kuma hawa da saukar wuta lokacin da aka ɗauke aka dawo, don haka tana son abin kare tsawa a fanel da cok a gabanta, wato naɗin waya da ke tausasa fizgar wuta. Duk wannan kuɗi ne a kan kuɗinta. Idan ta lalace kuma ba kowane mai wayarin ke iya buɗe ta ba. Babbar masana'anta irin ta siminti da ke Kalambaina tana da injiniyoyinta a wurin. Mai gidan kaji a hanyar Wamakko ko mai injin a Kware sau da yawa sai ya aika Kano ko Kaduna, kuma kaji ba sa jiran saƙo a watan Mayu. Shi ya sa nake ba duk mai sa VFD shawara ya sa a haɗa masa dairek ko sita-delta a gefe, da makunnin sauyawa mai kulle juna, yadda idan ta tsaya za a koma tsohuwar hanya cikin minti kaɗan.

Akwai ta huɗu da ake kira sof sitata, wadda ke tada moto a hankali amma ba ta rage gudu. Tana tsakanin sita-delta da VFD a kuɗi, waya uku kawai take bukata, kuma ta dace da wanda motonsa 230/400 ne amma dairek ya yi masa nauyi. Ita ma kayan lantarki ne masu gudun ƙura da zafi.

Ko wacce ka zaɓa, abin da ya fi kashe motoci a nan ba tashi ba ne, faɗuwar layi ɗaya ne. Fis ɗaya ya tsinke a taransifoma, moton ya ci gaba da juyawa a kan layi biyu, ƙararsa ta ɗan canza, ba wanda ya lura, har warin ƙuna ya tashi. Ko layin bai faɗi ba, bambancin bolt na kashi 3.5 tsakanin layukan yana iya ƙara zafin koyil da kusan kashi 25. VFD tana ganin faɗuwar layi da kanta. Dairek da sita-delta sai an ƙara musu 'yar na'urar lura da layi, wadda ke yanke kontakto idan layi ya faɗi, ko bolt ya yi ƙasa, ko jerin layukan ya juya. Kuɗinta bai kai na sake naɗin koyil sau ɗaya ba, kuma ban ga dalilin da zai sa a kafa fanel a Sakkwato babu ita ba. Juyawar layi ma ba wasa ba ce: bayan gyaran taransifoma ko sauya janareta, moto na iya komawa baya, kuma fanka mai gidan katantanwa ko tana juyawa baya tana fitar da iska, kaɗan dai. Sai a yi ta zargin moto ya mutu alhali waya biyu kawai za a musanya. A zana kibiya a jikin fankar da fenti.

Wayar at kuma ba ado ba ce. Ƙasarmu rairayi ce, da rani tana bushewa har ƙasa, sandar at ɗaya da aka buga da damina tana iya zama ba ta aikin komai a watan Maris. A buga fiye da ɗaya, a haɗa su, a auna da na'urar gwaji a tsakiyar rani. Gishiri da gawayin da ake zubawa suna taimakawa na ɗan lokaci, amma gishirin yana cin ƙarfen. Jikin moto, jikin fanka da fanel duk a ɗaure su da at. Kuma a nemi mai wayarin da ke da shaidar hukumar NEMSA, wadda aka kafa da dokar 2015 don duba ingancin irin waɗannan ayyuka.

Wajen tsaron rai dairek da sita-delta masu maɓalli suna da wata falala: idan aka ɗauke wuta kontakto yana saki, kuma idan ta dawo fanka ba ta tashi sai an danna. VFD ana iya saita ta ta tashi da kanta, abin da ke da amfani a gidan kaji da dare, amma yana iya cire hannun yaron da ke share fiffike yana ganin ai babu wuta. Don haka a sa makunnin yankewa kusa da fankar, wanda ake sa wa kwaɗo, mai gyara ya sa makullin a aljihunsa. VFD tana riƙe wuta a cikinta bayan an kashe, a jira mintunan da aka rubuta a jikinta, aƙalla 5, a kuma gwada da mita kafin a taɓa. Bel da fuli su kasance cikin ragar ƙarfe, domin hannun babbar riga ko jelar rawani ba sa bukatar fiye da daƙiƙa ɗaya. Iskar hadari ma tana juya fiffike ba tare da wuta ba, a tokare shi kafin a sa hannu.

Kulawa ta yau da kullum kusan ɗaya ce ga duka ukun: a goge ƙurar da ke tsakanin haƙarƙarin moto da ragar bayansa, domin ta nan yake shan iska; a kankare abin da ya manne a fiffike, don nauyin gefe guda ne ke kawo girgiza ya cinye boris; kada a cika giris, yawansa zafi yake kawowa; a sake ɗaure ƙusoshin waya bayan makonnin farko. Kafin damina a gwada koyil da mega, na'urar auna lafiyar rufin waya, a kan bolt 500, idan ya gaza megom 1 a busar da shi a bincika. Mai VFD ya tabbata an cire wayoyin moton daga jikinta kafin gwajin, in ba haka ba megar za ta kashe ta. Kada kuma a sa kafasito ko a riƙa yanke kontakto tsakaninta da moton tana cikin aiki.

Da ni ake tambaya, moto daga kilowat 4 zuwa ƙasa a kan wuta mai ƙarfi ko isasshen janareta, dairek da na'urar lura da layi ya wadatar. Daga 5.5 ko 7.5 zuwa sama, fanka mai cikakken gudu kullum, a wuri mai gari da ƙura, sita-delta ne, matuƙar farantin ya ce 400/690. VFD ta wanda zai rage gudu da gaske ce, yana da ɗaki mai tsabta da zai ajiye ta, ya kuma san tun yau wanda zai kira idan ta nuna lambar matsala. Kafin ka yanke, ka sa a auna bolt ɗin layukanka uku da rana tsaka da kuma bayan magariba na 'yan kwanaki, ka ɗauki hoton farantin moton da na janareta, sannan ka zauna da mai wayarin a kan waɗannan lambobin.